Ƙarin Hasken da Ban Roƙa Ba

Wadda ta rubuto mani cewa girman kai ne zai zaunar da ni gidan ubana har furfura, na ga saƙonki, kuma ban goge shi ba. Ki gyara zama ki ji abin da ya faru gidanmu, in kin gama sai ki sake yanke hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Hamida. A Tasawa aka haife ni, nan nike aiki, ina sayar da magani a wata farmasi kusa da tasha. Shekarata ashirin da shida, abin da Gwaggo Lalla, ƙanwar Babanmu, take ambata kamar sunan wata cuta. Ni baƙa ce. Ba wankan tarwaɗa ba, baƙa sosai irin Innata, kuma kafin wannan maganar ban taɓa tsayawa gaban madubi ina tunanin haka ba.

Tun ina lekol, wato makaranta, nike da haukan ɗaukar hoto. Awaki, amalanken shanu, hannun mai dama fura, duk abin da na gani sai na cusa shi cikin waya. Da Yaya Abdurrahamane ya zo sallah daga Yamai, sai ga shi da kamara sabuwa fil cikin kwalinta, baƙa mai nauyi, da igiyar ratayawa.

"Ba don ki buɗe shago ba," ya ce. "Don ki bar wayar nan ta huta."

Ranar farko na bar ta kan otomatik, wurin da ke da koriyar alama, na ɗauki Inna tana tankaɗe jikin farin bangon tsakar gida. Bango ya fito tas, har tsagar siminti ana gani. Fuskar Inna kuwa ta zama rami. Ta kalli ɗan gilashin bayan kamarar, ta ce, "To ni ina nike a ciki?"

Na tura wa Yaya hoton ina mita. Ya aiko mani da murya yana dariya. Ya ce kamara ba ta da wayo, in ta ga farin bango tsorata take yi ta runtse ido, sai duk mai duhun fata ya ɓace. Ya ce in murza abin da ke samanta in kai shi kan M, in riƙa zaɓa da kaina. Abu uku ne: yadda idon zai buɗe, saurin da zai ƙifta, sai ISO, wato yadda take jin haske. In rana ta take, ISO ɗari ya isa. In ina son bayan mutum ya dushe, in buɗe idon sosai, in zaɓi ƙaramar lamba.

Kada ku ji yadda na ɓata hotuna. Wani ya ƙone fari fat, wani kamar an ɗauke shi cikin rijiya, kajin gidanmu kuwa duk sun fito da kai biyu don ban ƙara sauri ba. Amma wata safiya na zaunar da Inna inuwar dogon yaro, na buɗe idon zuwa huɗu, na auna haske daga kumatunta. Kamarar ta so ta mayar da ita toka-toka, na rage kaɗan. Da na danna, sai ga Inna. Baƙinta mai sheƙi, zanen kumatunta biyu, har ɗan gumin saman leɓenta, ganyen baya ya narke ya zama kore mai laushi. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka nike," ta ce, sannan ta ture hannuna ta tashi, wai tukunya na jiranta.

Wannan hoton na ɗauko da zumuɗi in nuna wa Taufiq.

Taufiq, mai neman aurena, ɗan garin Mayahi ne, yana aiki a biron noma, ofishin gwamnati nan Tasawa, tare da mijin Gwaggo Lalla, kuma ta hanyarta ya san gidanmu. Dogo, mai guga, ƙamshin turarensa kan riga shi shiga zaure. Baba na sonsa don har ƙasa yake durƙusawa in zai gaishe shi. Ni ma ba zan yi maku ƙarya ba, ina sonsa. In na ji ƙarar motonsa a ƙofar gida sai na sake ɗaurin ɗankwali sau biyu.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya zo. Na sa shaddata ruwan goro mai aikin zare a wuya, na yafa mayafi ruwan madara, na kai mashi zoɓo mai sanyi a zaure, kamara na rataye a kafaɗata. Ya kalli hoton Inna, ya taɓe baki.

"Ba laifi. Amma ya yi duhu."

"Ba duhu ba ne, launinta ne."

"Kawo ki gani. Ni na riƙe aparai ta ɗaukar hoto tun kina ƙaramar lekol."

"Kar ka taɓa mani reglaj, da wahala na samo wannan saitin."

"Bon, tsaya can jikin bango, inda rana take. Hajiya ta matsa tana son ganinki."

Jin ya ambaci mahaifiyarsa, ban ƙara musu ba. Na je na tsaya, rana na soka mani ido, ina murmushin kunya kamar sakarya. Yana ɗauka yana duba gilashi, ya murza wani abu, ya sake ɗauka. Na ce ya nuna mani, ya ce in yi haƙuri. Ya haɗa kamarar da wayarsa, ya kwashi abin da yake so, ya miƙo mani ita a kashe. Ya shanye zoɓonsa ya hau moto.

Sai da na shiga ɗaki na kunna.

Wata mata ce sanye da shaddata. Fara sol. Hancina ya narke cikin fuska, tabon ciwon da na ji a goshi tun ina yarinya ya ɓace, aikin zaren wuyan rigar da na biya tela ya zauna ya yi mani ya zama farin fili. Da farko na yi mashi uzuri, na ce rashin sani ne. Sai na tuna Yaya ya nuna mani cewa kamara na rubuta reglaj ɗin kowane hoto a jikinsa. Na koma na farko. Ya cire ta daga M ya kai ta kan alamar kan mace, mai goge fata ta yi sumul, amma haske na daidai, kuma ni ce a ciki. Na gaba, ya ƙara haske ɗaya. Na gaba, ɗaya da rabi. Na ƙarshe, biyu, iyakar inda abin ke tsayawa. Hawa ya riƙa yi a hankali, yana dubawa, har ya sami macen da yake nema.

Na ɗauki waya na rubuta mashi.

"Ka goge hotunan nan."

"Sun riga sun isa Mayahi. Hajiya ta ce masha Allah."

"Ba ni ta gani ba."

"Tu exagères, kin cika zuzuta abu. Haske ne kawai."

"Haske biyu ka ƙara. Kamara ta rubuta."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can sai ga shi:

"Ke ba ki san Hajiya ba. Bari ta fara amincewa, sauran mai sauƙi ne. Don mu nike yi."

"Ranar da ta gan ni fa?"

"Kafin nan kin ɗan gyara. Duk mata na yi."

Na kife wayar kan katifa, na mayar da kamarata kan M, na maido kowace lamba inda na bar ta, kamar mai share ɗaki bayan baƙon da ya shigo da takalmi.

Washegari da hantsi Gwaggo Lalla ta faɗo gidan, hijabinta har ƙasa, jakar hannu a hammata. Inna na baranda tana tsince wake. Gwaggo ko tabarma ba ta jira ba, ta zaro wata kwalbar man shafawa mai ruwan hoda ta dire gabana.

"Safe da dare. Har wuya, har hannu, kar ki bar gaɓoɓin yatsu."

"Na mi ne, Gwaggo?"

"Kar ki raina mani hankali, ke mai sayar da magani ce. Yaron nan ya turo mani hoton. Dangin nasa za su zo biki Tasawa, za su biyo su gan ki. Sai ki taimaki kanki ki kusanci abin da suka gani."

"Ni na ce ya tura masu ƙarya?"

"Rufa maki asiri ya yi. Sa'o'inki na da ɗiya uku-uku, ke kina yawo da baƙin ƙarfe a wuya kina ɗaukar awaki. An samu mai albashi ya ce ya ji ya gani, kina wani ƙabli da ba'adi."

"Gwaggo, masu shafa wannan gare mu suke zuwa daga baya. Kumatu a ƙone, cinya a tsattsage, ciwo ya ƙi warkewa. Ni ke miƙa masu magani."

"Waɗannan ba su iya ba ne."

"To ki kai wa wadda ta iya."

Ta juya ga Inna. "Kin ji tarbiyyar taki ko? Baƙin jiki da baƙin baki, wa zai kwashi duka biyu?"

Inna ba ta ɗago ba. Tsakuwa ta tsinta ta jefar, ta ci gaba. Da Gwaggo ta fita na ce, "Inna, gabanki aka zage ni, aka haɗa da ke, ba ki ce komai ba."

"Dangin ubanki ne," ta ce. Iyakarta ke nan.

Tunda na ce zan faɗa maku gaskiya, bari in faɗa duka. Kwalbar nan ban jefar da ita nan take ba. Na kai ta ɗaki. Na buɗe, na shinshina, har na lakato na shafa a bayan hannuna, na zauna ina kallon wurin kamar zai canza a gabana. Sai da na ji ƙaiƙayi na tashi na wanke da sabulu ina kuka. Ba Taufiq nike wa kuka ba, haushin kaina nike ji da har na buɗe murfin.

Aka aiko cewa baƙin za su zo ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar. Mun ɗauka wata ƙanwar Hajiya za a turo, kamar yadda aka saba. Tun da safe Gwaggo ta iso da ɗiyarta Lubna, wai ta zo taya mu aiki. Mai taya aiki cikin leshi ruwan sararin sama, da jan baki, da lalle har gwiwar hannu. Lubna ƙanwata ce a shekaru, ta ɗauko farin dangin ubanta, kuma ta san da haka. Albasa ɗaya ba ta yanka ba. Ni da Inna muka yi shinkafa da miyar kaji, muka dama fura, na soya dankali.

Bayan azahar, ina cikin tsohuwar rigar barci da zanen girki, kaina ɗaure da wani ɗankwali da mai ya ɓata, Lubna ta leƙo kicin.

"Anti Hamida, don Allah ki ɗauke ni kafin kwalliyar ta baje."

Na ce bari in yi mata in huta, sannan in yi wanka. Na wanke hannu na ɗauko kamara. Ta zauna kan kujerar baranda tana karkata kai, Gwaggo na tsaye bayanta tana gyara mata mayafi. Ina cikin auna haske muka ji sallama.

Mata biyu ne suka shigo. Babbar, mai jiki, da gilashin ido da zoben zinariya a yatsu uku, ita ce Hajiya Hindu da kanta. Ƙaramar, Aziza, yayar Taufiq, na riƙe da babbar leda. An tashi daga wurin bikin da wuri, suka ce bari su biyo tun da rana.

Hajiya ta wuce ni. Wallahi gefen mayafinta har ya shafi hannuna. Ta nufi Lubna da fara'a, ta kama hannunta biyu.

"Masha Allah. Ga ɗiyata. Kin ma fi hoton kyau."

Lubna ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na jira ta ce wani abu. Na kalli Gwaggo, na jira. Gwaggo ta ce, "Sannunku da hanya, Hajiya, bismillah, ga wuri."

Hajiya ta zauna ta jawo Lubna jikinta, sannan ta waiwayo ta gan ni da kamara.

"Yawwa, har mai hoto aka ɗauko. Ke yarinya, ɗauke ni da surukata."

Ban san yadda zan kwatanta maku ba. Wata zuciyar ta ce in ajiye in shige ɗaki, wata ta ce in fasa ihu. Ban bi ko ɗaya ba. Na ɗaga kamarar na kai ido.

Hannu na rawa, don haka na ƙara saurin ƙiftawa zuwa ɗaya bisa ɗari biyu da hamsin. Baranda inuwa ce, na ɗaga ISO zuwa ɗari huɗu. Idon na kan huɗu, yadda na saita wa Lubna don baya ya dushe. Na duba bayan, na ga Gwaggo Lalla tsaye, hannunta kan kujera, bakinta har kunne. Na murza na rufe idon zuwa takwas. Ba na son ta dushe. Ina son duk wanda ya ga hoton nan ya ga fuskarta tar, ya ga ta ji kuma ta yi shiru.

Na danna. Na duba. Ya fito yadda nike so.

Sannan na sauke kamarar, na durƙusa.

"Ina wuni, Hajiya. Ni ce Hamida."

Hajiya ta saki hannun Lubna a hankali. Ta ce Aziza ta ba ta waya. Ta gyara gilashi, ta kalli wayar, ta kalle ni tun daga ɗankwalin mai har silifas, ta sake kallon wayar.

"Ikon Allah. Ni dai na san hoto ba ya ƙarya."

"Wannan ya yi, Hajiya. Sa shi aka yi."

"Wa ya sa shi?"

"Wanda ya turo maki."

Aziza ta ja tsaki. "Daga ganin mutum sai ƙarar ɗansa?"

Gwaggo ta yi wuf ta shiga. "Hajiya, aiki ne da rana suka cinye ta. In ta huta ta yi gyaran jiki ba za ki gane ta ba."

"Haka aka haife ni, Gwaggo," na ce. "Kin fi kowa sani, ke kika yi mani wankan farko."

Hajiya ba ta sake kallona ba. Inna ta fito da tiren ruwa da fura, ta gaishe su a ladabce, suka amsa a daƙile. Ruwan ko taɓa shi ba su yi ba, abinci kuwa suka ce a ƙoshe suke. Hajiya ta juya ga Lubna, muryarta ta koma laushi.

"To ke ɗiyar wa ce?"

"Tawa ce," in ji Gwaggo.

"An yi mata miji?"

"Tukuna dai, Hajiya. Tana karatu."

"Allah ya kawo nagari."

Ta miƙe. Aziza ta kalli ledar hannunta ta kalli uwarta, Hajiya ta yi mata nuni da haɓa, ta ajiye ta gefen ƙafar Lubna. Gwaggo ta raka su har ƙofar gida, muna jiyo dariyarta a zaure.

Lubna ta ɗago. "Anti, wallahi kunya ce ta hana ni magana."

"Kunyar ba ta hana ki karkata kai ba," na ce.

Na shiga ɗaki na tura hoton cikin wayata, na aika wa Taufiq ba tare da kalma ko ɗaya ba. Nan take ya kira. Na ƙi ɗagawa. Ya sake, na kashe. Sai saƙonni suka fara zubowa.

"Mi kika yi?"

"Hajiya ta kira ni tana faɗa."

"Da kin yi shiru har in zo in gyara."

"A gaban uwata kika ce ni maƙaryaci ne?"

"Ina zuwa."

Na fito baranda. Gwaggo ta dawo ta zauna ta zazzage ledar kan tabarma: turmin atamfa biyu, turare, sabulai, da ɗan akwatin ɗankunne. Tana ɗaga atamfar tana kara wa Lubna a kafaɗa.

"Rabo dai ba ya wuce mai shi," take cewa, da ƙarfi don in ji.

Inna na durƙushe tana kwashe kofunan da ba a sha ba. Ta jera su kan tire. Ta goge hannu da gefen zane. Sannan ta tako har kan tabarmar, ta kama atamfar da ke hannun Gwaggo ta zare ta.

"Mi ye haka?" in ji Gwaggo.

Inna ta ninke atamfar, ta mayar leda. Ta ɗauki turare, ta ɗauki sabulai, ta miƙa hannu ga Lubna, Lubna ta saka mata akwatin ɗankunnen a tafi ba musu. Ta ƙulle bakin ledar.

"Ki jira yayana ya dawo kasuwa," Gwaggo ta ce. "Gidan nan ba naki ba ne."

"Ɗiyar tawa ce," in ji Inna.

A daidai nan muka ji ƙarar moto ta tsaya ƙofar gida, aka buga ƙyauren zaure da ƙarfi, ba irin bugun mai neman aure ba. Na yunƙura zan fita. Inna ta tare ni da hannu.

Ku da kuka san gidajenmu kun san uwa ba ta tsayawa gaban mai neman ɗiyarta. Tunda Taufiq ya fara zuwa, ko inuwar Inna bai taɓa gani ba, in ta ji sallamarsa ɗaki take shigewa. Ita ce ta jawo hijabinta daga kan igiya ta zura, ta ɗauki ledar a hannun dama.

"Koma ki yi wankanki," ta ce mani. "Wannan ni zai gani."

Ta nufi zauren, ta zare sakata.